Matani Ba Ya Tafiya Sai da Sharhi: Mabuɗan Littattafan Tao na Ƙasar Sin

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaurukan karatu na Kankiya ko na Kusada, ko da hantsi ne ko tsakanin Magariba da Lisha, ya san wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a bango ba amma kowa yana bin ta, ita ce ba a ɗaukar matani tsurarsa a ce an fahimce shi. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai, ya bi ta kan Ahalari da Ishmawi da Iziyya har ya kai Risala, ba ya rabuwa da Samaruddani. In Allah ya ba shi naci da nisan kwana ya kai Muhtasar na Halilu, to, sai da Jawahirul Iklili, ko sharhin Dardiri da hashiyar Dasuƙi. In kuwa wata kalma ta cije, sai malam ya miƙa hannu ya jawo Ƙamus na Fairuzabadi. Malaman nan sun tabbata cewa tsohon littafi da harshen zamaninsa yake magana, kuma tsakaninsa da mai karatu na yau akwai ƙarnoni waɗanda ba a ƙetare su sai da jagorancin waɗanda suka gabata.

Wannan ƙa'ida kuwa ba ga littattafanmu kaɗai ta tsaya ba, domin kowace al'umma mai tsohon rubutu ta bi ta, kuma da wuya a ga misalinta a fili kamar yadda yake a littattafan Tao, ɗaya daga cikin manyan tafarkuna uku da suka gina tunanin mutanen Sin, tare da koyarwar Kwanfushiyas da addinin Buddha. Abin da ya sa zancen ya dace da mu a yau shi ne Sinawa sun daina zama mutanen nesa waɗanda sai a labari: kayansu sun cika kasuwanninmu tun daga babur har wayar hannu, gidan rediyonsu yana magana da Hausa tun shekarar 1963, 'ya'yanmu suna tafiya jami'o'insu neman likitanci da injiniyanci, ga kuma maganganun hikima da ke yawo a wayoyin samari ana jingina su ga wani dattijo wai shi Laozi, babu isnadi, babu ambaton littafi balle babi. Wanda ya tashi a ƙasar da ake tambayar mai magana inda ya samo ta, bai kamata ya karɓi irin wannan da ka ba.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa bincika abin da wata al'umma take bi alama ce ta karkata gare shi, domin magabata sun yi wannan aiki da hannunsu. Ibnu Nadim, mai sana'ar littattafai a Bagadaza, da ya tsara Alfihirisat a shekara ta 377 Hijira, wato 987 Miladiyya, ya keɓe maƙala ta tara ga mazhabobi da addinai, har ya kawo labarin mutanen Sin daga bakin wani rahibi mutumin Najran wanda ya je can ya dawo. Albiruni sai da ya zauna ya koyi harshen Sanskrit kafin ya rubuta littafinsa a kan Hindu wajen 1030. Shaharastani kuma, wanda ya rasu a 548 Hijira, ya bar mana Almilal wan Nihal, inda ya sharɗanta wa kansa kawo maganar kowace ƙungiya kamar yadda ya same ta a littattafanta. Abin da suka koya mana shi ne adalci wajen naƙali: ka fara sanin abin da mutum ya faɗa, daga majiyar da shi kansa ya yarda da ita, sannan ka yi hukunci.

Matanoni biyu da asalin tafarkin

Tao, a taƙaice, suna ne da Sinawa suka ba asalin da suke ganin dukkan abubuwa daga gare shi suka ɓullo kuma a kansa suke gudana. Masu wannan tafarki suna koyar da cewa natsuwar mutum da zaman lafiyar ƙasa suna cikin daidaituwa da wannan tsari, da barin tilasta wa al'amura, da rage kwaɗayi da son girma. Tafarkin yana da fuskar falsafa, wadda ke cikin tsofaffin matanoni, yana kuma da fuskar addini mai limamai da ɗakunan ibada da azumi da layu, wanda ya fara zama jama'a mai tsari a shekarar 142 Miladiyya a hannun Zhang Daoling a yankin Sichuan. Sai dai masana na yanzu sun nuna cewa a aikace fuskokin nan biyu sun cuɗanya ƙwarai.

Uwar matanonin ita ce Daodejing, ɗan littafi mai babi 81 da haruffa kimanin 5,000, wanda ake jingina wa Laozi. Sima Qian, babban marubucin tarihin Sin, wanda ya yi aikinsa wajen shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, ya ruwaito cewa Laozi ma'ajin takardu ne a fadar sarakunan Zhou, kuma da ya ga mulki ya lalace sai ya kama hanyar yamma, mai tsaron mashigar dutse ya roƙe shi ya rubuta abin da ya sani kafin ya wuce. Amma shi Sima Qian ɗin da kansa ya kawo ruwayoyi masu saɓa wa juna a kan ko wane ne mutumin, kuma ra'ayin da ya rinjaya a wurin masu tahaƙiƙi a yau shi ne littafin taruwa ya yi sannu a hankali daga bakuna da hannuwa da yawa. Matani na biyu shi ne Zhuangzi, mai ɗauke da sunan wani mai hikima na ƙarni na 4 kafin Miladiyya, littafi ne na hikayoyi da muhawara da barkwanci mai zurfi. Fihirisar littattafan fadar daular Han ta lissafa masa babi 52, alhali kuwa wanda ke hannun mutane yau babi 33 ne, saboda wani malami mai suna Guo Xiang, wanda ya rasu a 312, ya tace shi ya zubar da abin da bai amince da shi ba, ya bar babi 7 na ciki, 15 na waje da 11 na gauraye. Ashe ke nan mai karanta Zhuangzi, ko ya sani ko bai sani ba, zaɓin Guo Xiang yake karantawa.

Dalilin da ya sa sharhi ya zama dole

Tsohon Sinanci harshe ne mai tsananin taƙaitawa: a asalin rubutunsa babu alamar tsayawa da ke raba jumla da jumla, harafi ɗaya yana iya zama suna a nan ya zama fi'ili a can, kuma ba a nuna mufradi ko jam'i, ko abin da ya wuce da mai zuwa, sai dai a fahimta daga siyaƙi. Wanda ya karanta Ajuruma ya ga yadda sauya i'irabi ɗaya yake mai da mai aikatawa ya koma wanda aka aikata a kansa, zai gane cewa inda mai sharhi ya yanke jumla nan ma'ana take komawa. Shi ya sa sharhohin Daodejing suka kai ɗaruruwa, tun daga babi biyu da Han Fei, wanda ya mutu a 233 kafin Miladiyya, ya keɓe don bayaninsa.

Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙai. Akwai sharhin Heshang Gong, wato dattijon bakin kogi, wanda ake danganta shi da zamanin daular Han, shi ya karanta littafin a matsayin jagorar kula da jiki da tsawaita rai da tafiyar da mulki. Akwai kuma sharhin Wang Bi, saurayin da aka haifa a 226 ya rasu a 249 bai cika shekara 25 ba, wanda ya karanta shi a matsayin bahasi a kan samuwa da rashi, kuma nassin da ya zo tare da sharhinsa shi ne mafi yawan masu fassara suka dogara da shi. A ɓangaren Zhuangzi kuwa, bayan sharhin Guo Xiang sai wani limamin Tao na ƙarni na 7, Cheng Xuanying, ya yi masa abin da mu za mu kira hashiya, sannan Guo Qingfan ya tattara matani da sharhi da hashiya da ta'aliƙan malaman baya a wuri ɗaya a 1894, kuma wannan tarin shi ne har gobe ake fara buɗewa.

Ana cikin haka sai ƙasa ta fito da shaidun da malaman da ba su gani ba. A 1973, a wani kabari da ke Mawangdui kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun 168 kafin Miladiyya, aka tono kwafi biyu na Daodejing rubuce a kan siliki, kuma a cikinsu rabin littafin da aka saba gani a ƙarshe shi ne a farko. A 1993 kuma, a Guodian ta lardin Hubei, aka sami wasu sassansa a kan tsagin gora, waɗanda shekarunsu suka kai wajen 300 kafin Miladiyya, ba su kai rabin littafin ba, kuma lafazinsu ya saɓa wa sanannen nassi a wurare da dama. Saboda haka duk fassarar da aka yi kafin waɗannan shekaru, kome ƙwarewar mai ita, akwai hujjar da ba ta riske shi ba.

Game da ƙamus kuwa, Sinawa sun daɗe ƙwarai a fagen. Xu Shen ya kammala Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya yi bayanin haruffa 9,353 a ƙarƙashin tushe 540. Ƙamusun da Sarki Kangxi ya sa aka wallafa a 1716 ya haura haruffa 47,000 a ƙarƙashin tushe 214. Malamin Japan Morohashi ya fitar da nasa mai mujalladi 13 tsakanin 1955 da 1960, kuma Hanyu Da Cidian, wanda aka fara bugawa a 1986, shi ne a yau ya tsaya musu a matsayin da Lisanul Arab ya tsaya wa masu Larabci.

Taskar da ta sha wuta

Mai tsammanin cewa littattafan Tao ba su wuce biyun nan ba zai yi mamaki in ya ji labarin Daozang, wato taskar da aka tara dukkan littattafan tafarkin a cikinta. Wanda ya aza harsashinta shi ne Lu Xiujing, wanda a shekarar 471 ya miƙa wa sarkin zamaninsa fihirisa mai juzu'i 1,228, ya kasa littattafan kashi uku bisa ga silsilar da kowanne ya fito daga gare ta. Daga baya aka ƙara kashi huɗu na taimako, suka zama bakwai. Daga nan kowace babbar daula sai ta sa a sake tarawa: daular Tang ta yi nata a ƙarni na 8, daular Song ta yi, har wani ma'aikacinta mai suna Zhang Junfang ya ciro muhtasari mai juzu'i 122 a farkon ƙarni na 11, mai suna Yunji Qiqian, kuma a farkon ƙarni na 12 aka fara buga taskar da allunan katako da aka sassaƙa. Wadda aka kammala a 1244 ta haura juzu'i 7,000. Amma a 1281, bayan muƙabala tsakanin limaman Tao da na Buddha a ƙarƙashin mulkin Mongol, Sarki Kublai Khan ya yi umarni a ƙone littattafan Tao da allunan bugunsu, ban da Daodejing kaɗai, kuma abin da ya salwanta a wannan gobara da yawansa bai dawo ba.

Taskar da ta iso mana ita ce ta daular Ming, wadda aka fara aikinta a 1406 aka buga a 1445, aka yi mata ƙari a 1607, jimillarta juzu'i 5,485, littattafai kusan 1,500. A cikinta akwai matanoni da sharhohi, da tsarin ibada, da tarihin waliyyansu da duwatsunsu masu alfarma, da littattafan magani da na taurari da na kimiyyar haɗa sinadarai, har da wani littafi da ke gargaɗin cewa masu haɗa kibiritu da wasu ma'adinai da zuma sun ƙone hannuwansu da gidajensu, wanda masana tarihi suke lissafa shi cikin mafi daɗewar ambaton albarushi. Allunan bugun sun ƙone a tarzomar 1900 a Beijing, cikakkun kwafi suka yi ƙaranci ainun, har sai da wani kamfanin ɗab'i na Shanghai ya ɗauki hoton kwafin da ke ɗakin ibada na Baiyun Guan ya buga shi a ƙananan mujalladai 1,120 tsakanin 1923 da 1926. Daga wannan bugu ne nazarin Tao na zamani ya fara tsayawa da ƙafarsa. An sake buga taskar a mujalladi 36 a 1988, sannan a farkon wannan ƙarni aka fitar da sabon bugu mai mujalladi 49, mai alamomin tsayawa, mai suna Zhonghua Daozang.

Mabuɗan taskar

Samun taskar a hannu bai kashe matsala ba, domin mafi yawan littattafan cikinta ba su ɗauke da sunan mawallafi ko shekarar wallafa, wasu an jingina su ga alloli ko ga mutanen da suka riga su da ƙarnoni, kuma tsarin kashi bakwai ya rikice tun zamanin Ming, ta yadda littafi yakan faɗa inda ba mazauninsa ba. Ta zama tamkar rumbu cike da hatsi iri-iri a gauraye, ga abinci amma ba a san ta inda za a ɗiba ba. A nan ne aikin masu fihirisa ya bayyana.

Wani limamin Kirista Bafaranshe, Léon Wieger, ya fitar da jerin sunayen littattafan a 1911, amma da kurakurai masu yawa. A 1935 Weng Dujian ya tsara fihirisa ta sunayen littattafai da mawallafa a cikin jerin fihirisosin cibiyar Harvard-Yenching, ya ba kowane littafi lamba. A 1949 Chen Guofu, wanda asalin fanninsa kimiyyar sinadarai ne, ya wallafa bincikensa a kan asali da silsilar taskar, Daozang Yuanliu Kao, littafin da har yanzu ba a wadatu da barinsa ba. A 1991 Ren Jiyu da abokan aikinsa suka fitar da Daozang Tiyao, mai taƙaitaccen bayani a kan kowane littafi da Sinanci.

Amma aikin da ya fi amfanar wanda ba ya jin Sinanci shi ne na Kristofer Schipper, mutumin Holan da ya koyar a birnin Paris, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2021. Wannan mutum bai tsaya ga karatun ɗakin littattafai ba, sai da ya je tsibirin Taiwan ya zauna shekaru a gidan limaman Tao a birnin Tainan yana ɗaukar karatu baki da baki, har suka naɗa shi limami a 1968. Ya fitar da fihirisarsa a 1975, wadda lambobinta 1,487 su ne mafi yawan masana suke ambato da su. A 1976 kuma ya kafa aikin haɗin gwiwa na malaman Turai don a bi taskar littafi bayan littafi, a gano zamanin kowanne da mawallafinsa da abin da ya ƙunsa. Aikin bai fito ba sai a 2004, a mujalladi uku daga maɗaba'ar Jami'ar Chicago, da sunan The Taoist Canon, shi da Franciscus Verellen suka tace, malamai 29 suka sa hannu. Kusan shekara talatin ke nan a kan fihirisa guda, kuma babu wanda ya san fannin da zai ce an ɓata lokaci.

Bayan wannan akwai The Encyclopedia of Taoism, wanda Fabrizio Pregadio, mutumin Italiya, ya tace ya fito a 2008 a mujalladi biyu, mai maƙaloli kimanin 800 a kan mutane da littattafai da isɗilahohi da wurare, a jere bisa haruffa. Shi ne ya fi dacewa da mai neman amsar tambaya guda cikin hanzari. Daoism Handbook na Livia Kohn, na shekarar 2000, babi-babi yake tafiya bisa zamani da maudu'i, don haka ya fi dacewa da mai son karatu a jere. Littafin Isabelle Robinet a kan tarihin addinin, wanda aka fassara daga Faransanci zuwa Ingilishi a 1997, ya isa mafari ga mai farawa. Sai dai mai duba waɗannan littattafai ya lura da abu ɗaya tun da wuri, kada ya ɓace: hanyoyi biyu ne na rubuta sunayen Sinanci da haruffan boko, tsohuwa da sabuwar da gwamnatin Sin ta tsayar a 1958, don haka Tao da Dao abu ɗaya ne, Lao-tzu shi ne Laozi, Chuang-tzu shi ne Zhuangzi.

Ƙofofin da ke buɗe ga ɗalibinmu

Daodejing yana cikin littattafan da aka fi fassarawa a duniya, wannan yawa kuwa shi ne haɗarinsa. Stanislas Julien ya fassara shi zuwa Faransanci a 1842, John Chalmers zuwa Ingilishi a 1868, James Legge a 1891, Arthur Waley a 1934, D. C. Lau a 1963, dukkansu masana harshen ne. Amma a kasuwa akwai fassarori da dama na mutanen da ba su iya karanta harafi ɗaya na Sinanci ba, fassarorin wasu suka tara suka sake wa ado, kuma daga irinsu ne yawancin maganganun da ke yawo a waya suke fitowa. Ma'auni a nan mai sauƙi ne: a duba ko mai fassara ya faɗi nassin da ya dogara da shi, da sharhin da ya bi, da inda ya saɓa wa waɗanda suka gabace shi. Wanda bai faɗi ko ɗaya ba, a ajiye littafinsa.

Ɗalibin zaure, wanda Larabci ya fi masa Ingilishi sauƙi, shi ma ba a bar shi a baya ba. Abdulgaffar Makkawi na Masar, da Hadi Al'alawi na Iraƙi wanda ya zauna a Sin, da Firas Assawwah na Sham, duk sun fitar da littafin da Larabci, Muhsin Farjani na Jami'ar Ainu Shams kuma daga Sinanci kai tsaye ya fassara. Mai sha'awar tasawwufi zai sami abin nazari a littafin Toshihiko Izutsu, malamin Japan da ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa harshensu, wanda ya jera isɗilahohin Ibnu Arabi a Fususul Hikam kusa da na Laozi da Zhuangzi. Littafi ne na muƙarana, a karanta shi da idon mai tantancewa, domin kamannin lafazi ba ya wajabta ɗayantakar aƙida. Malaman Musulmin Sin kansu, irin su Wang Daiyu na ƙarni na 17 da Liu Zhi da ya biyo bayansa, sai da suka ƙware a littattafan maƙwabtansu kafin suka iya bayyana tauhidi da Sinanci. Wanda kuwa ba shi da hali sai waya, akwai Stanford Encyclopedia of Philosophy da rumbun Chinese Text Project a intanet, kyauta ne, kuma masana ne suke kula da su.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Mai karatu zai iya cewa, to, mene ne ribar manomin Kusada ko ɗan kasuwar Kankiya a cikin wannan duka? Amsa ta farko tana cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yaransa duk damina. A 1969 aka ɗora wa wata masaniyar magunguna mai suna Tu Youyou aikin nemo sabon maganin zazzaɓi, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai suka tara haɗe-haɗe sama da 2,000. Wani ganye dangin tazargade ya riƙa ba su sakamako mai hawa da sauka, har ta koma ga littafin magungunan gaggawa na Ge Hong, malamin Tao na ƙarni na 4, wanda yake cikin taskar da muka yi bayani, ta ga shi jiƙa ganyen yake cewa a yi a matse ruwansa, ba dafawa ba. Nan ta gane zafin wuta ne yake kashe ƙarfinsa, ta sauya hanyar tacewa a 1971, aka sami sinadarin atimisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓi na yau, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. Da littafin Ge Hong ya ɓace, ko da yana nan amma babu wanda ya san inda yake, da labarin ya zama wani.

Amsa ta biyu tana cikin tarihin Katsina kanta. Hatimin nan mai gida tara, wanda lambobinsa daga 1 zuwa 9 suke ba da 15 ta kowace fuska aka haɗa su, wanda malamanmu suka sani a ilimin aufaƙi, mafi daɗewar ambatonsa a rubuce a littattafan Sin yake, inda ake kiransa Luoshu, kuma limaman Tao suna bin tsarinsa wajen taku a ibadarsu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a lissafin irin waɗannan hatimai shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya yi wallafa a kai wajen 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Mu kanmu ba mu san girman wannan Bakatsine ba sai ta hanyar littattafan tarajim da fihirisa, irin mujalladi na biyu na Arabic Literature of Africa wanda John Hunwick ya fitar a 1995, inda aka jera wallafe-wallafensa tare da na Ɗan Marina da Ɗan Masani da inda kwafinsu suke.

Wannan ya kawo mu ga darasin da ya fi kowanne nauyi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga muhimmancin abin tun da wuri, shi ya sa ya rubuta Ida'un Nusuhi, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowanne. Amma a yau, a gidajen malamai na garuruwanmu da ƙauyukanmu, akwai gafakoki da akwatuna cike da rubutun hannu na kakanni, na Larabci da na ajami, waɗanda gara da ɗigar damina da rabon gado suke ci kowace shekara, ba tare da an taɓa rubuta ko sunayensu a takarda ɗaya ba. Sinawa sun yi asarar dubban juzu'ai a gobarar 1281, amma saboda tsofaffin fihirisosinsu sun san sunayen da yawa daga abin da suka rasa; mu kuwa in muka yi sake, za mu rasa namu ba mu ma san mun rasa ba.

Saboda haka kira na farko ga hukumomin jami'o'in da ke kewaye da mu ne, ta Tarayya da ke Dutsinma, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da Alƙalam a Katsina, su sanya waɗannan littattafan dubawa a ɗakunan karatunsu, domin sashen nazarin addinai ko na tarihi da ba shi da su yana koyar da ji-ta-ji-ta ne. Kira na biyu ga 'ya'yanmu da ke karatu a Sin, a sami ko mutum biyu daga cikinsu su wuce Sinancin ciniki su koyi tsohon harshen, don wata rana mai karatun Hausa ya san abin da littattafan nan suka ƙunsa daga tushe, da sharhi da ambaton majiya. Kira na uku kuwa, wanda ba ya jiran kuɗin gwamnati, ga magadan gidajen ilimi na Kankiya da Kusada ne: a buɗe gafakokin nan tun bana, a ɗauki littafin rubutu, a rubuta sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da wanda ya kwafe shi, da yawan waraƙarsa, a kuma ɗauki hotonsa a ajiye kwafi a wani gida dabam. Allah ya ba mu ikon yi.